Birkin Gefe Ɗaya

An yi wani mutum a nan Suleja, ɗan unguwar Magajiya, wanda ba za mu kama sunansa ba, domin danginsa suna nan da rai kuma kunyar da suka sha ta ishe su.

Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne. Yana sallah a jam'i, yana durƙusawa ya gaida manya, yana aiki a wani kamfani a Abuja, ya fita da sassafe ya dawo bayan la'asar kamar dubban 'yan garin nan. Da za a tara mutanen unguwa a ce su nuna wanda suke jin tsoron ƙarshensa, babu yatsan da zai nufe shi. Ciwonsa ɗaya ne tak: yana son a gani. Abin da idon mutane zai sauka a kai, sai ya kwana biyu yana gyara shi. Abin da ido ba ya kaiwa kuwa, ko da rai ne ya rataya a kansa, sai ya ce a bari sai wani lokaci.

Ya 'yan uwa, ku riƙe wannan ciwon a zuciya, domin daga shi komai ya fito.

Mutumin nan yana da wata ƙaramar mota, tsohuwa amma lafiyayya, irin wadda ake shigowa da ita ta Kwatano. Shekara uku tana kai shi aiki tana dawo da shi, ba ta taɓa tsayar da shi a hanya ba. Sai wata rana ya dube ta ya ga ba ta da bambanci da motar kowa. Daga nan aka fara. Ya sauya mata salansa, ya sa mai ƙugi, wadda in ya shigo layi da ita jarirai ke farkawa, kaji su watse. Ya duhunta gilasai. Ya sa shuɗayen fitilu a ƙarƙashinta, ko me zai haska a ƙarƙashin mota, oho. Da duk wannan bai ishe shi ba, sai ya sa aka cire injinta mai fulogi huɗu, aka ɗora mata ƙato mai fulogi shida.

Wanda ya yi aikin injin shi ne Baba Datti, wani dattijon makanike mai gareji a Bagama, wanda tun motar mahaifin mutumin shi ke gyarawa. Ranar da ya gama, ya goge hannu da tsumma, ya riƙe makullin bai miƙa ba.

Ya ce, "Saurara, ɗan nan. Na ƙara mata gudu, ban ƙara mata tsayawa ba. Birkin da ke jikinta na ƙaramin inji ne. Ka nemo manyan faifan birki na gaba, da kawunan da ke damƙe su in an taka, ka kawo in ɗaura maka. Kafin nan kada ka wuce tamanin."

Mutumin ya ce, "In sha Allahu, Baba, sati mai zuwa."

Sati mai zuwa ya zama wata huɗu. Duk lokacin da ya je sauya baƙin mai Baba Datti sai ya tuna masa, shi kuma ya yi murmushi ya ce ana hanya. Me zai sa ya yi gaggawa? Birki yana ɓoye a bayan taya. Wa zai tsaya a bakin titi ya ce kai, dubi birkin wancan?

Ana nan sai ya sayi sababbin rim, wato ƙarafan da ake ɗora taya a kai, manya, masu siraran ƙafafu biyar, waɗanda ake hango duk abin da ke bayansu. Kullum in ya dawo aiki yakan faka a ƙofar shagon abokinsa Nura, mai sayar da wayoyi, inda majalisarsu take zama. Ranar da ya zo da sababbin rim kowa ya taso, ana shafawa ana sam barka. Nura kuwa, wanda bakinsa ba ya riƙe magana, ya tsuguna ya leƙa ta tsakanin ƙafafun rim ɗin, ya fashe da dariya.

"Oga, mene ne wannan a ciki? Murfin gwangwanin madara ne? Mota tana ƙugi kamar jirgi, birki kuma kamar farantin shayi, ga tsatsa har ta yi ja! Haba, ka rufa mata asiri mana."

Majalisa ta ɗauki dariya. Shi ma ya yi, amma tasa ba ta wuce haƙora ba.

Washegari, tun kafin Baba Datti ya buɗe gareji, mutumin yana tsaye a ƙofa. Ya ce, "Baba, na zauna na yi tunani. Gaskiyarka ce. Rai ya fi komai." Dattijo ya ji daɗi har ya dafa kafaɗarsa ya sa masa albarka.

Don Allah ku duba wannan al'amari. Wata huɗu ana gaya wa mutum ya gyara birki don ransa da na bayin Allah, bai ji ba. An yi masa dariya sau ɗaya, ya ji har da sammako. Kuma bai tsaya nan ba, sai da ya ari sunan rai ya lulluɓe son a gani da shi. Wa yake yaudara?

Baba Datti ya tura shi wurin Chiemeka, mai sayar da kayan mota na Beljiyam. Aka yi dace, ko kuwa rashin dace, Chiemeka ya samu gaban wata babbar mota da ta yi hatsari a ƙasar waje aka yanko shi. Gefen hagu ya ragargaje. Gefen dama kuwa yana nan garau: faifai faffaɗa mai ƙyalli, an huhhuda shi da ƙananan ramuka, da kan birki ja wur kamar an wanke shi yanzu. Mutumin ya ɗaga shi da hannu biyu.

Chiemeka ya ce, "Oga, ɗaya ne ya zo fa. Ɗan'uwansa na hagu, daga wata motar, yana cikin kwantena, sati shida zai sauka. Ka bari su haɗu. Ba a sa shi ɗaya, ko a garinmu ba a yi."

Mutumin ya ce, "Wannan na wane gefe ne?"

"Na dama."

Sai fuskarsa ta washe. Kun san dalili? In ya faka a ƙofar shagon Nura, gefen dama ne ke kallon majalisa. In yana tafe a titi, masu jiran mota a dama suke tsayawa. Gefen hagu, bango yake kallo ko motocin da ke wucewa a guje. A lissafinsa, Allah ya kawo masa daidai gefen da yake buƙata.

Ya kinkimi kayan ya kai wa Baba Datti. Dattijo ya leƙa kwali, ya ɗaga kai.

"Ina ɗayan?"

"Yana hanya, Baba. A sa wannan tukuna, na ɗan lokaci ne."

"Ɗaya? Kai ɗan nan, lafiyarka kuwa? In ka taka da ƙarfi, tayar dama za ta kama tun ta hagu ba ta farga ba, motar ta juya kanta dama. Su wa ke tsayawa a dama? Mutane! Masu talla, masu jiran mota, yara 'yan makaranta."

"Ai zan riƙa bi a hankali."

"Kai ɗin? Ba da hannuna ba. Ɗauke kayanka, ka dawo ranar da suka cika biyu."

Ya ɗauke kayansa, amma bai jira sun cika biyu ba. Ya fita bayan gari ya sami wani makanike na bakin hanya, irin wanda ba ya tambaya, wanda ya ce masa abin da mai mota ke so shi ake yi. Kafin azahar an ɗaura. Da ya dawo gida ya sayi gwangwanin jan fenti na fesawa, ya kwanta a ƙasa da kayan jikinsa, ya fesa wa tsohon kan birkin hagu, don in wani ya zagaya ya ga ja a can ma. Babban mutum, mai digiri, mai iyali, kwance a ƙasa yana yi wa tsatsa kwalliya.

Da la'asar ya faka a ƙofar shago. Nura ya tsuguna ya leƙa, ya miƙe ya sara masa. "Yanzu ka zo, Oga! Wannan ko tirela zai tsayar." Aka ɗauki hotuna. Babu wanda ya zagaya hagu.

A rana ta uku motar ta gaya masa gaskiya. Yana dawowa daga aiki, wajen Madalla, wani mai keke-napep ya tsaya a gabansa ba zato. Ya taka birki da ƙarfi. Sitiyari ya fizge daga hannunsa, motar ta yi dama kamar an ja ta da igiya, tayar gaba ta tsaya a bakin lambatu, taku ɗaya tsakaninta da wata mata mai sayar da ayaba. Matar ta dafe ƙirji tana salati.

Ya 'yan uwa, ba kowa Allah ke yi wa irin wannan gargaɗin ba. An nuna masa abin da zai faru, a fili, da rana tsaka, ba a karɓi komai a hannunsa ba. Me ya kamata mai hankali ya yi? Ya juya ya nufi Bagama ya ce Baba na tuba, mayar mini da tsohon.

Abin da ya yi shi ne ya koyi zama da aibin. Ya gano cewa in zai taka da ƙarfi, sai ya fara karkata sitiyari hagu kaɗan ya danne shi da gwiwar hannu, motar ta tsaya a miƙe. Ya yi ta gwadawa a hanyar da babu mutane har hannunsa ya saba. Daga nan ma sai abin ya koma masa abin alfahari. A ransa yana cewa, wannan mota ni kaɗai na san halinta.

Sati shida suka cika, Chiemeka ya kira. "Oga, ɗan'uwan ya sauka, yana nan na ajiye maka." Ya ce zai zo. Bayan sati ya sake kira. Ya ce yana tafe. A kira na huɗu bai ɗauka ba. Zuwa ɗauko shi yana nufin ya bar motar a gareji yini guda, ya tsaya a bakin titi ya shiga motar haya zuwa Abuja, mutane su gan shi a matse a kujerar baya. Kuma in an ɗaura, wa zai lura? Hagun ai tuni ta yi ja.

Haka aka yi wata biyu.

Sai matar Nura ta haihu. Ranar suna, wata Asabar da hantsi, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, duk 'yan majalisa suna nan, da dattawan unguwa. Mutumin ya faka motarsa inda kowa zai gani, gefen dama na kallon tabarmi, yana ta kai da kawowa da farantan waina a matsayinsa na babban abokin uban jariri.

Ana cikin haka sai ga yayan mutumin, Yaya Hashim, tare da mahaifiyarsu, Inna Fatsuma. Yaya Hashim direba ne na wata ma'aikata, shekara ashirin da bakwai yana tuƙi bai taɓa ko goge jikin wata mota ba. Ƙanin Inna ne ya rasu a Izom, ranar ake sadakar uku, motar Yaya Hashim kuma ta ƙi tashi da safen. Ya zo aron ta ƙaninsa.

Mutumin ya taso da sauri. Ya ce, "Yaya, bari in kai ku da kaina."

Inna ta ɗaga hannu. "A'a. Ni ba zan shiga kana tuƙi ba, kai da kake tafiya kamar ana bin ka. Ba wa yayanka makulli, ka zauna ka yi wa abokinka hidima."

Jama'a suka yi dariya. Ya zaro makulli ya miƙa.

Direbobi na gaskiya suna da wata al'ada. Ba sa karɓar makullin motar da ba su saba da ita ba sai sun tambayi halinta, domin kowace mota da abin da mai ita kaɗai ya sani: wata giyarta na tauri, wata sai an taka birkinta sau biyu. Yaya Hashim ya riƙe makullin, ya dubi ƙaninsa, ya yi tambayar da ya saba yi.

"Akwai wani hali da take da shi da ya kamata in sani?"

Ga tambaya an kawo masa har gida. Ba sai ya nemi hanyar fara magana ba. Abin da zai ce bai fi numfashi ɗaya ba: Yaya, tana ja dama in an taka da ƙarfi. Ya buɗe baki. Sai ya ga Nura a gefe da faranti a hannu, ya ga 'yan majalisa sun juyo suna saurare. In ya faɗa, za a ce me ya sa take ja? Wani zai zagaya hagu ya tsuguna ya leƙa.

Kafin ya yi magana Nura ya riga shi. "Yaya Hashim, kada ka damu. Birkin nan ko hura masa iska ka yi sai ta tsaya!"

Mutumin ya haɗiye abin da ke bakinsa. Ya ce, "Lafiyarta lau, Yaya. Allah ya kiyaye hanya."

Sannan ya zagaya da sauri, a gaban jama'a, ya buɗe wa mahaifiyarsa ƙofar gaba ta dama, ya tattara mata bakin mayafi, ya rufe a hankali. Wani dattijo ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan kirki." Ya sunkuyar da kai ya ce amin.

Motar ta fita layi. Har a lokacin ƙofa ba ta rufe masa ba. Waya tana aljihunsa. Ya zaro ta ya nemo lambar yayansa, ya tsaya yana kallo. Ya ce a ransa, ai Yaya ba ya gudu. Ya ce ai Izom ba nisa. Ya ce in na kira yanzu zai ce me ya sa ban faɗa ɗazu ba. Aka kira shi ya zo a yi hoto, ya mayar da wayar aljihu ya je ya tsaya a tsakiya.

Ina hankali? Ina tsoron Allah? Uwarka ce a ciki!

Yaya Hashim bai yi gudu ba. Ya ji motar tana ɗan karkata in ya taɓa birki, ya ɗauka iskar taya ce ta ragu, ya ce in sun isa zai duba. Ranar ta dace da cin kasuwa a Izom, bakin titi cike da manoma da tulin doya. Suna shiga gari wani mai babur ɗauke da buhuna ya faɗo titi daga hagu. Yaya Hashim ya yi abin da duk direban kirki zai yi: ya riƙe sitiyari a miƙe ya taka birki iya ƙarfinsa.

Motar ta juya dama.

Ta bi ta kan tulin doya, ta haɗa mai doyar da bangon kwalbati. Sunansa Cletus, manomi ne daga wani ƙauye na kusa, ya kawo kayansa tun safe yana jiran mai saye. Gefen da Inna take zaune shi ya daki kankare, ƙashin ƙugunta ya karye. Jama'a suka jawo Yaya Hashim daga mota suka rufe shi da duka, sai da dattawan kasuwa suka shiga tsakani kafin 'yan sanda su iso. Yana jini yana maimaita magana ɗaya: "Na riƙe ta daidai. Wallahi ita ta juya." Babu wanda ya saurare shi. Wane direba ne ya taɓa kaɗe mutum bai ce motar ce ba?

Waya ta sami mutumin yana wanke hannu bayan cin abincin suna. Ya isa ofishin 'yan sanda da yamma. Yaya Hashim yana zaune a kan benci a bayan kanta, ido ɗaya a kumbure, babu hula, babu takalmi. Jami'in da ke rubutu ya ɗago ya ce, "Kai ne mai motar? Direban ya ce ita ta kauce da kanta. Tana da wata matsala?"

Yayansa ya ɗago ido ɗayan da ke buɗe yana kallonsa, irin kallon wanda ya ga mai cetonsa ya iso.

Mutumin ya ce, "Ba ta da matsala, ranka ya daɗe. Sabon birki ma na sa mata."

Ya 'yan uwa, ƙaryar farko don kunyar majalisa ya yi ta. Wannan kuwa don tsoron benci ya yi ta. Haka zunubi yake, in ka ƙi biyansa yana ƙarami, sai ya girma ya nemi a biya shi da wani.

Mafi muni, Yaya Hashim ya yarda da ƙaninsa. Tun da mai mota ya ce lafiyarta lau, to laifin nasa ne. Da mutumin ya kai masa abinci washegari, ya tarar da shi yana juya tafukan hannunsa yana kallo. Ya ce, "Wataƙila tsufa ne ya kama ni ban sani ba. Wataƙila hannuna ne ya kauce." Mutumin ya ajiye kwano ya ce, "Ƙaddara ce, Yaya." Ya fita.

A rana ta uku Cletus ya cika a asibiti. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu.

Nura ne ya kai labarin garejin Bagama, yana jimami yana cewa abin mamaki, duk da sabon birkin. Baba Datti ya ajiye sifana ya ce, "Ya ɗaura ɗayan?" Nura ya ce, "Wane ɗayan?" Dattijo ya rufe gareji, ya ɗauki jak da akwatin kayan aikinsa, ya shiga motar haya.

Aka kira mutumin ya zo inda aka ajiye motar. Ya tarar da jami'in duba motoci, da 'yan sanda biyu, da Nura, da wasu daga dangin Cletus. An fito da Yaya Hashim ma an tsayar da shi a gefe. Baba Datti ya riga ya kwance tayoyin gaba duka biyu. Ya ciro faifan dama ya ajiye a ƙasa, ya ciro na hagu ya ajiye kusa da shi. Ko wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba ya ga bambancin: ɗaya kamar tire, ɗaya kamar murfin kwano. Dattijo ya sa farcen babban yatsa ya kankare kan birkin hagu. Jan ya ɓare, tsatsa ta fito.

Ya miƙe da ƙyar, ya dubi mutumin. "Na gaya maka ko ban gaya maka ba? Na ce maka za ta juya dama? Na ce maka mutane ne a dama? Fenti! Fenti ka sa, ɗan nan! Da na san haka za ka yi, da a gabana na sa guduma na fasa faifan nan."

Nura ya ja da baya kamar bai taɓa sanin mutumin ba. Yaya Hashim bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Ya dubi faifan biyu ya daɗe, sannan ya dubi hannuwansa, ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka.

A ranar aka saki Yaya Hashim, ƙaninsa ya hau bencin da ya sauka.

Da aka ba da belinsa kafin shari'a, ya wuce asibiti wurin Inna. Tana kwance an ɗaure mata ƙugu, ƙanwarsa na yi mata fifita. Ya durƙusa a bakin gado ya gaishe ta. Ba ta amsa gaisuwar ba.

Ta ce, "Da yayanka ya tambaye ka a gaban mutane, ka sani?"

"Na sani, Inna."

"Da ka buɗe mini ƙofa ka zaunar da ni a gefen nan, ka sani?"

Ya ce, "Na sani."

Ta ce, "To." Sannan ta dubi 'yarta ta ce, "Ja mini labulen nan."

Kotu ta ɗaure shi. Kamfanin ya sallame shi tun kafin a yanke hukunci. Inna ta tashi, amma da sanda take tafiya har yau, kuma in aka ambaci sunansa sai ta ce a kawo wata maganar. Yaya Hashim, wanda kotu ta wanke tas, bai sake tuƙi ba. Ya zauna a kujerar direba sau biyu, ƙafarsa ta ƙi taka komai, ya ajiye aikin shekara ashirin da bakwai. Duk wata yakan ɗauki abin da ya sawwaƙa na hatsi ya shiga motar haya ya kai wa matar Cletus. An ce masa ai ba laifinka ba ne. Ya ce ya sani, amma ƙafarsa ce ta taka.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai tashi da niyyar kashe kowa ba. Da an ce masa ya ɗauki wuƙa ya nufi manomin da bai taɓa gani ba, da ya ce a'uzu billahi. Amma ya san aibi, an tambaye shi, ya ɓoye, don kada mutum goma a kan tabarma su yi masa dariyar da ba za ta wuce minti biyar ba. Malamai sun gaya mana riya ita ce yin abu don idon mutane, mu kuma muka ɗauka a sallah da sadaka kawai take. Ga ta nan a bayan taya. Kuma ran Cletus rai ne cikakke, za a tambayi wanda ya salwantar da shi, ba za a ce ai ba ɗan masallacinmu ba ne.

Kada wata ta ce ni ba ni da mota, kada wani ya ce ni ban san birki ba. Sau nawa maƙwabciya ta zo aron tukunyar gas, kin san bakinta na yoyo, kika miƙa kika yi shiru don kada a ce kayanki tsoho ne? Sau nawa aka ari tsaninka ka san matakala ɗaya ta rube? Duk abin da ka miƙa wa ɗan'uwanka ka san inda yake cizo, faɗar wurin cizon yana cikin amanar. In ka yi shiru, ba aro ka ba shi ba, tarko ka ɗana masa. Kunyar faɗa takan wuce kafin a tashi daga zama. Abin da shiru ke haifarwa, wani har kabari yake bin mutum, ya kuma tashi tare da shi.

Allah ya tsare mu da aikin ganin ido. Allah ya ba mu ƙarfin zuciyar faɗar aibinmu tun yana iya ceton wani, ya sa kada ran bawansa ko ɗaya ya rataya a wuyanmu saboda tsoron dariyar mutane. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye waɗanda suka amince da mu. Amin.